Koyon tarihi, labarin ƙasa da kimiyya daga gajerun bidiyo: jagora ga iyaye da yayye a zangon Kumasi

Yaron da ke aji 2 ko aji 3 na ƙaramar sakandare (JHS) a Aboabo, Asawase ko Sawaba zai iya kallon bidiyon kimiyya goma a dare ɗaya, ya kwanta yana jin ya gane komai, gari ya waye a miƙa masa takarda ya kasa rubuta layi uku. Dalili kuwa shi ne bidiyo mai kyau tafiya yake sumul. Mai bayani ya riga ya kwance kowane ƙulli kafin yaro ya ji wuyarsa, sai sauƙin kallon ya yi kama da fahimta. Karatun yana farawa ne bayan an kife wayar, lokacin da yaro zai fitar da abin daga kansa, da baki da biro. Mun san wannan tun a makarantar allo: ba a wanke allo sai an biya wa malam. Duk matakan da ke ƙasa a kan haka aka gina su.

Manhajar karatu ce ke gaba, bidiyo na biye

Kafin a sayi data, a ɗauko littafin da makaranta ke amfani da shi da littafin rubutun yaro, a ga inda malami ya tsaya a wannan makon. Hukumar NaCCA ce ke tsara abin da ake koyarwa, WAEC kuma ke shirya jarrabawar kammala JHS, wato BECE, a kansa. Kimiyya da Social Studies, inda tarihi da labarin ƙasa suke a JHS, suna cikin darussa huɗu na dole da ake lissafawa a jimillar makin da ke kai yaro babbar sakandare (SHS). Saboda haka bidiyo kan ramukan sararin samaniya ko kabarin Fir'auna, duk daɗinsa, a bar shi sai hutu.

A zaɓi batu ɗaya ƙarami. "Jikin ɗan Adam" ya yi faɗi. "Yadda jini ke zagayawa daga zuciya zuwa huhu ya dawo" shi ne daidai zama ɗaya. Yaro ya karanta shafin littafin na minti biyar, ko da bai gane ba, ya rubuta tambayoyi uku da yake son bidiyon ya amsa masa. Wanda ya shiga kallo da tambaya a hannu yana farautar amsa ne, hankalinsa ba ya yawo kamar na wanda ya zauna kawai a nuna masa.

Wajen nema, a rubuta kan darasin da Turanci kamar yadda yake a littafi, a ƙara BECE ko JHS a ƙarshe. Wannan ƙarin yana ture laccocin jami'a gefe, ya fito da malaman Ghana da ke koyarwa a kan manhajarmu. Daga waje kuma akwai tashoshin da aka san su da tsabtar aiki: Khan Academy da FuseSchool a kimiyya, TED-Ed mai zane-zane na kimanin minti biyar, sai Crash Course, wanda bayaninsa na da nauyi kuma maganarsa na da sauri, ya fi dacewa da ɗan SHS. Tsawon da ya fi amfani shi ne minti 4 zuwa 10. Na ƙasa da minti ɗaya, irin na TikTok, yana ba da sakamako ba tare da dalili ba, jarrabawa kuwa dalili take tambaya.

Babba ya fara leƙa bidiyon kafin yaro. A duba shekarar da aka ɗora shi, a duba ko tashar ta malami ce ko ta wata cibiya da ta bayyana kanta, sannan a gwada abu ɗaya da aka tabbatar da shi a littafi. In ya kuskure wannan, a bar tashar gaba ɗaya. Yanzu an cika intanet da bidiyon da na'ura ke haɗawa: murya ɗaya ba hawa ba sauka, hotunan sarakuna masu ƙyalli da ba a taɓa ɗauka ba, sunayen garuruwa a karkace. Irin waɗannan sun fi yawa a fannin tarihi.

Waya da data

A sauke ingancin hoto zuwa 360p. Bidiyon minti 8 a wannan matakin yakan ci kimanin megabait 30 zuwa 40, a 720p kuma ya ninka haka sau uku ko fiye. Taswira da ƙananan rubutu ne kawai ke bukatar 480p. Inda akwai maɓallin saukewa, a sauke bidiyon mako guda a lokaci ɗaya da datar tsakar dare mai rahusa, sannan a kashe data lokacin karatu. Hakan na maganin abu biyu: kuɗi, da saƙonnin WhatsApp da ke faɗowa a saman allo. A kashe abin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, don shi ne ƙofar da yaro ke bi daga darasin narkewar abinci ya ɓulle a wasan ƙwallon Asante Kotoko. A yi cajin waya tun da rana saboda ɗauke wuta, a jingina ta a bango ko a kan littafi, hannun yaro biyu su zama na biro da takarda.

Zama ɗaya, minti 35 zuwa 40

Bayan sallar isha ya fi wa yawancin gidaje, tunda safiyar Asabar da Lahadi ta makarantar Islamiyya ce. Kallo na farko a bar shi ya tafi har ƙarshe, ba tsayawa ba rubutu, don yaro ya ga fasalin batun. A kallo na biyu ake aiki. A rage gudu zuwa 0.75 in Turancin mai magana ya yi sauri, a kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan allo, a riƙa tsayarwa duk bayan minti ɗaya ko biyu. A kowace tsayawa yaro ya rubuta layi ɗaya da kalmominsa. Kada ya kwafi abin da ke kan allo harafi da harafi, don hannu na iya kwafa kai yana wani wuri. A lura kuma, rubutun da na'ura ke fitarwa yana lalata sunayen Ghana sosai, Prempeh ko Yaa Asantewaa su fito wani abu dabam. Rubutun suna daga littafi ake ɗaukarsa.

Sai a kife waya, a rufe littafin rubutu, a ba yaro farar takarda da minti bakwai ya zubo duk abin da ya tuna: zane, sunaye, dalilai. Nan ne zai ji wuya, zai ce "na sani amma ya ƙi fitowa". A bar shi ya yi fama, wannan faman shi ke dasa abin a ƙwaƙwalwa. Bayan haka ya buɗe littafi ya cike giɓin da jan biro. Abin da aka rubuta da ja shi ne darasin gobe.

Daga nan ya yi wa wani bayani da Hausa, ko Inna ce da ba ta yi boko ba. Ita ce ma ta fi, domin za ta tambayi abin da mai ilimin boko zai ji kunyar tambaya: "To me ya sa jinin zai je huhu tukuna?" Yaron da ya iya amsa wannan da Hausa ya gane. Wanda ya maƙale sai ya maimaita jimlar Turancin bidiyon, hadda ya yi. Amma kada a tsaya a Hausar, tunda da Turanci za a rubuta jarrabawa. A rufe zaman da tambayoyin baya guda biyar, pasko kamar yadda yara ke cewa, a kan wannan batun kaɗai, a rubuce da Turanci.

Takardar nan ta minti bakwai a sake ta washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata, ba tare da sake kallon bidiyon ba. In abin ya zube sosai ne kawai ake komawa gare shi.

Tarihi: a ɗaure kowane labari a kan layin shekaru

Gajeren bidiyo yana ba da tarihi gutsure-gutsure, yau Elmina, gobe Nkrumah, jibi Mansa Musa, har yaro ya rasa wanda ya riga wani. Maganin wannan takarda ce doguwa. A haɗa fallaye huɗu da gam, a ja layi ɗaya, a manna a bango. A fara kafa turaku kaɗan: 1482 Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina, 1844 yarjejeniyar sarakunan Fante da Ingilishi, 1874 yaƙin Sagrenti da aka ƙona Kumasi, 1877 an mayar da hedkwata daga Cape Coast zuwa Accra, 1896 an kama Prempeh na Ɗaya, 1900 yaƙin Yaa Asantewaa, 1957 'yancin kai, 1960 jamhuriya, 1966 juyin mulki, 1992 tsarin mulkin da ake kai yanzu. Duk bidiyon da aka kalla, sai an nemo masa gurbi a layin kafin a tashi.

Shekara kaɗai ba ta kawo maki mai yawa. Tambayoyin rubutu dalili da sakamako suke nema, saboda haka bayan kowane bidiyo a zana sarƙa. Ga misali da 1948. Kayan shagunan Turawa sun yi tsada, Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace musu a watan Janairu. Tsofaffin sojojin yaƙin duniya na biyu ba su sami abin da aka yi musu alkawari ba, suka yi maci zuwa fadar gwamna a Osu ranar 28 ga Fabrairu, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzoma ta ɓarke, aka tsare shugabannin jam'iyyar UGCC shida. Kwamitin Watson ya binciki lamarin, kwamitin Coussey ya tsara sabon tsarin mulki, aka yi zaɓen 1951 da CPP, jam'iyyar Nkrumah, ta lashe. Kowace gaɓa a haɗa ta da ta gaba da kibiya, yaro ya faɗi "saboda haka" a kan kowace kibiya. Mutanen shida kuwa ba sai an nemi hotonsu a intanet ba, a zaro takardar sidi 10 ko 20 daga aljihu a sa shi ya nuna su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai tarkuna uku a nan. Na farko, in aka nemi tarihin Ghana, rabin abin da zai fito na tsohuwar daular Ghana ne, wadda take a yankin Muritaniya da Mali na yau, nesa da ƙasar nan. Suna kawai aka aro a 1957. Na biyu, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, sai 3/6/1957 ta zama 6 ga Maris a wurinsu, yaronmu kuma ya karanta 3 ga Yuni. Na uku shi ne bakin mai ba da labari. Bidiyon da aka yi daga takardun sojojin Ingila zai ba da labarin 1874 dabam da yadda za a ji shi a gidan tarihin fadar Manhyia, haka ma bidiyon da ke auna Nkrumah da Danquah sau da yawa da ƙanshin jam'iyya a jikinsa. A koya wa yaro ya tambayi wa ke magana, sannan a jarrabawa ya rubuta abin da littafin manhaja ya tabbatar.

Ɗan Kumasi na da gatan da ɗan wani gari ba shi da shi. Bayan bidiyon Yaa Asantewaa, kuɗin mota kaɗan zai kai shi ganuwar Kumasi da ke Adum, inda aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900, wadda yanzu gidan tarihin soja ce. Tarihin zango kansa, fataucin goro ta Gwanja, kasuwar Salaga da watsewarta bayan yaƙin basasar 1892, da wuya a same shi a gajeren bidiyo mai inganci. Wannan sai wurin dattawan unguwa, kuma ya kamata a tura yara su tambaya tun masu sanin suna nan.

Labarin ƙasa: bidiyo na tsufa

A wannan fannin shekarar bidiyo ta fi komai muhimmanci. Duk wanda aka yi kafin 2019 zai ce yankunan Ghana 10 ne, alhali yanzu 16 ne. Sabbin su ne Oti mai hedkwata a Dambai, Western North a Sefwi Wiawso, Ahafo a Goaso, Bono East a Techiman, Savannah a Damongo, da North East a Nalerigu. Haka yawan jama'a: ƙidayar 2010 ta ba da miliyan 24 da ɗoriya, ta 2021 ta ba da kusan miliyan 31. Yaron da ya haddace tsohon adadi zai rubuta shi da cikakken ƙarfin gwiwa ya faɗi.

Ba a koyon taswira da ido. A ɗora siririyar takarda a kan taswirar littafi a bi iyakar ƙasa sau ɗaya, a yanke kwali a kan wannan siffar, ya zama abin zana taswirar Ghana cikin daƙiƙa kaɗan a kowane zama. Bayan bidiyo kan koguna, yaro ya zana fanko ya sa Volta Fari da Volta Baƙi, Oti, Pra, Tano, Ankobra, tafkin Volta da madatsun Akosombo, Kpong da Bui daga ka. Wani dare ciyayi, wani dare ma'adinai: zinariya a Obuasi da Tarkwa, manganis a Nsuta, bauxite a Awaso, lu'ulu'u a Akwatia.

Bidiyon Turai da Amurka kan yanayi zai koyar da lokuta huɗu har da na dusar ƙanƙara. Bayanin karkatar duniya da zagayenta ga rana daidai ne, a riƙe shi. Amma yanayinmu ruwan sama ne ke raba shi. A Kumasi damina biyu ce, babba daga wajen Maris ko Afirilu zuwa Yuli, ɗan sarari a Agusta, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A Tamale damina ɗaya ce. Dalilin shi ne iskoki biyu, mai laima daga teku ta kudu maso yamma da busasshiya ta hunturu daga Sahara, da layin haɗuwarsu da ke hawa arewa ya sauko kudu a cikin shekara. Kudu yana samun wucewarsa sau biyu. In bidiyo bai kawo wannan ba, babba ya ƙara shi da bakinsa.

Lissafin lokaci da layukan tsaye na taswira yana ba yara wuya a bidiyo, ga shi kuwa da sauƙi a nan, domin layin Greenwich ta Tema ya ratsa. Digiri 15 awa ɗaya, digiri ɗaya minti 4, gabas a ƙara, yamma a rage. A gwada da abin da yaro ya sani: in ƙarfe 12 ne a Kumasi, ƙarfe 1 ne a Kano, ƙarfe 3 a Makka. Sannan tafkin Bosomtwe, mai nisan kusan kilomita 30 daga gari, rami ne da dutse daga sama ya haƙa sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Bidiyon waje kan irin waɗannan ramuka yakan nuna na Arizona a Amurka, a tuna wa yaro akwai ɗaya a bayan gida.

Kimiyya: abin da aka gani a allo a taɓa shi da hannu

Takardar kimiyya ta BECE tana da sashen da ake nuna zanen kayan gwaji a ce a faɗi sunansu, a faɗi abin da za a gani da dalilinsa. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji, a nan bidiyo ke da babban amfani, don yana nuna gwajin yana gudana. Sai dai a tsayar da shi kafin sakamako ya fito, a tambayi yaro me zai faru. Ko ya canka ko ya kuskure, zai riƙe amsar fiye da in an nuna masa kawai.

Da yawa daga gwaje-gwajen ana iya maimaita su a tsakar gida. A jiƙa zoborodo, wato sobolo, a ruwan zafi ba sukari, a tace, a raba kofi uku masu haske. Na farko a matsa lemun tsami, jan zai ƙara haske. Na biyu a zuba ruwan kanwa, zai juya ya yi duhu, shuɗi-shuɗi zuwa kore. Na uku a bar shi yadda yake don kwatanci, kuma a nuna wa yaro cewa wannan kofin da ba a taɓa ba shi ne ke ba gwajin ma'ana. Darasin acid da base ke nan da abin gane su. A ɗiga aidin na kyamis a kan yankan rogo ko doya, zai koma baƙi-shuɗi saboda sitaci, a kan gishiri kuma ba zai canja ba, abin da aka ɗiga wa aidin kuma a zubar da shi. A gauraya yashi da gishiri, a narkar a ruwa, a tace da kyalle, a shanya ruwan a faranti a rana har gishirin ya dawo: narkarwa, tacewa da busarwa a gwaji ɗaya. A kafa sanda a fili a riƙa auna inuwarta duk awa, mafi gajarta ita ce zawali, abin da malaman fiƙihu ke koyarwa a babin lokutan salla. A farkon Afirilu da farkon Satumba inuwar tsakar rana takan kusan ɓacewa a Kumasi, domin rana na bi ta tsakar ka.

Darasin lantarki da batirin tocila mai volt 1.5, ƙaramin ƙwan fitila da wayar wuta ake yinsa, a jera ƙwai biyu a layi ɗaya a ga haskensu ya ragu, a raba musu hanya a ga ya dawo. Soket ɗin bango volt 230 ne, yana kisa, kada yaro ya kusance shi da sunan gwaji ko me ya gani a bidiyo. Haka duk gwajin da ke da wuta, fetur ko haɗa sinadaran wanke banɗaki, kallo kawai.

A kula da ma'auni. Bidiyon Amurka zai ce ruwa na tafasa a digiri 212, wannan a ma'aunin Fahrenheit ne, namu 100 ne a Celsius. Zai yi magana da mil, inci da fam, jarrabawa kuma mita da kilogiram take so, kuma lamba ba tare da ma'auninta ba tana zubar da maki. Tsohon bidiyo zai lissafa duniyoyi tara har da Pluto, alhali tun 2006 takwas ake ƙirgawa. Zane kuma da fensir ake yinsa, babba, layukan suna a miƙe da rula ba sa haye juna. Yaro ya zana zuciya, fure ko ƙwayar halitta daga ka, sannan ya gwada da na littafi, tunda zanen bidiyo mai launi da motsi ba shi za a ce ya zana ba.

In ana kallo amma maki bai motsa ba

A buɗe littafin rubutun yaro. In shafukan fes suke, rubutu mai kyau ba jan biro ko ɗaya, kwafa yake yi, ana tsallake matakin farar takarda. In yana amsa tambayoyin zaɓi daidai amma yana faɗuwa a na rubutu, gane amsa yake in ya gan ta, bai iya samar da ita ba, sai a rage bidiyo zuwa uku a mako a ƙara rubutu. In ya iya bayani da Hausa tsaf amma Turancin ya ƙi, matsalar ta kalmomi ce: a ware bayan littafi, kowane batu kalma biyar zuwa takwas, kowace da jimla ɗaya da ya ƙirƙira da kansa. In kuma bidiyo da malamin aji sun saɓa, kada a ce wa yaro malam bai sani ba. Ya rubuta tambayar, ya kai masa cikin ladabi bayan darasi, sau da yawa za a tarar bambancin manhaja ne ko bidiyon ya tsufa.

Inda waya ɗaya ce a gida kuma yara uku ke jira, a haɗa 'yan aji ɗaya na maƙwabta su kalla tare, amma kowa ya yi farar takardarsa shi kaɗai kafin su haɗa baki, in ba haka ba mai kaifin cikinsu zai riƙa amsawa sauran na gyaɗa kai. Makonni shida kafin jarrabawa a daina buɗe sabon batu ta bidiyo. A koma tambayoyin baya da agogo a gefe, a riƙa komawa bidiyo kawai don tambayar da yaro ya kasa sau biyu, shi ma daidai minti ɗaya ko biyun da ke bayanin wannan gaɓar.